Tambaya da Amsa: Kalmomin likitanci masu karya harshe

Tambaya: Malam, ni ɗalibar aikin jinya ce. Kalmomi irin su choledocholithiasis da haemoptysis suna ɗaure mini harshe. Shin furta su yana da ƙa'ida, ko hadda ce kawai?

Amsa: Malama, akwai ƙa'ida, kuma tun kafin ki buɗe baki take farawa. Yawancin kalmomin nan daga Girkanci aka harhaɗa su, don haka ki fara datsa su gunduwa-gunduwa. A ta farkon, chole ruwan matsarmama ne, docho abin da ke karɓarsa, wato bututun, lith tsakuwa, iasis kuma ɗafa-ƙeya ce mai nuna cuta. Ma'ana, tsakuwa a bututun matsarmama. Haruffan ch a kalmomin Girkanci k ake furta su, kamar a cholera, don haka sai ki ce ko-le-do-ko-li-THAI-ya-sis, ki danna gaɓar da muka rubuta da manyan baƙaƙe. Wannan th ɗin kuwa sai kin sa bakin harshe tsakanin haƙora.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne harafin p. Idan kalma ta fara da pn, ps ko pt, ba a furta shi: pneumonia nyu-MO-niya, psoriasis so-RAI-ya-sis, ptosis TO-sis. Girkawa suna furta shi, Turanci ne ba ya fara kalma da irin wannan jerin baƙaƙe. Amma da zarar wasali ya gabace shi, sai ya dawo ya manne wa gaɓar da ke gabansa. Shi ya sa haemoptysis, wato tarin jini, ake cewa hi-MOP-ti-sis, apnoea kuma AP-niya. Masu zubar da p a ko'ina sun riƙe rabin ƙa'ida ne kawai.

Ph kuma f ne, rrh r ne. Kada bambancin rubutu ya ruɗe ki: inda Ingila ke rubuta ae ko oe, kamar a haem da apnoea, Amurka e kawai take rubutawa, hem da apnea, furucin kusan ɗaya.

Ki kula sosai da dysphagia, wahalar haɗiya, da dysphasia, matsalar magana bayan lahani a ƙwaƙwalwa. Ta farko dis-FEI-jiya, ta biyu dis-FEI-ziya. A bakin mai sauri ba a rarrabe su, ga shi mai shanyewar ɓarin jiki yana iya samun duka biyun. Wajen miƙa aiki, ki faɗa a hankali, sannan ki rubuta.