Ƙaiƙayi da bushewar fata a hunturu: amsoshin wasiƙunku

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, mafi yawan wasiƙun da suka iso wannan fili a kan fata suke magana. Mun zaɓi huɗu daga ciki, domin ko da yake duk masu su ƙaiƙayi ko tsagewar fata suke kuka da shi, abin da ke damun kowannensu daban ne.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, shekaruna 34. Duk shekara da zarar sanyi ya kama, sai ƙwaurina da cinyoyina da gadon bayana su yi furu-furu, ga ƙaiƙayi mai hana sukuni, musamman bayan na fito daga wanka. Sau biyu nake wanka a rana da ruwa mai zafi sosai, ina dirza jikina da soso da sabulun salo, har maganin kashe ƙwayoyin cuta nake ɗigawa a ruwan. Na sayi mayuka masu tsada amma ban ga sauƙi ba. Wasu sun ce jinina ne ya ɓaci. Me ya kamata in yi? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Bisa ga abin da kika bayyana, ban ga alamar cewa jininki yana da wata matsala ba, don haka ki bar batun jiƙe-jiƙe da magungunan wankin ciki. Abin da ke faruwa a saman fatarki yake, kuma yadda kike wanka yana da hannu a ciki fiye da yadda kike zato.

Iskar hunturu daga hamadar Sahara take tasowa, ta biyo ta arewa maso gabas, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake fitowa. Busasshiyar iska ce ƙwarai, har danshin da ke cikinta yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana a garuruwa irin su Katsina, Kano da Maraɗi a watannin Janairu da Fabrairu. Iska mai irin wannan ƙishi tana zuƙe ruwa daga duk abin da ta taɓa. Abin da ke kare jikin mutum daga gare ta shi ne wani siririn shimfiɗi a can saman fata, wanda ya ƙunshi matattun ƙwayoyin halitta da wani maiƙo na halitta da ya manne su wuri guda. Muddin maiƙon nan yana nan, ruwan jiki ba ya saurin tserewa. Idan ya wanke, fata takan bushe ta yi ƙananan tsagu waɗanda ido ba ya gani, gumi da ƙura da sabulu su riƙa shiga suna tsokanar jijiyoyin da ke ƙasa, sai ƙaiƙayi ya tashi. Ƙwauri yakan riga sauran jiki shiga wannan hali saboda wuraren da ke fitar da maiƙo ba su da yawa a wurin.

Ruwan zafi yana narkar da wannan maiƙo. Sabulu yana kwashe shi, kuma sabulun salo, duk da amfaninsa ga mai fuska mai maiƙo a lokacin zafi, da toka ake haɗa shi, saboda haka yana da kaifi irin na kanwa, alhali fatar mutum ɗan tsami-tsami gare ta a halittarta. Soso yana kankare abin da ya rage, maganin da kike ɗigawa a ruwa kuma ƙarin bushewa yake jawowa ba tare da wata fa'ida ba ga mai lafiyayyar fata. Wannan ne ya sa ƙaiƙayin ya fi tsanani daidai lokacin da kika fito daga wanka.

Shawarata ita ce ki mayar da wankan sabulu sau ɗaya a rana har sanyi ya wuce, da ruwa mai ɗumi wanda ba ya sa fata ta yi ja, kuma kada ki wuce minti 5 zuwa 10. Sabulu mai laushi marar ƙamshi za ki nema, ki taƙaita shi ga hammata, matsematsi, ƙarƙashin nono da ƙafafu. Ƙwauri da cinya da hannuwa ruwa kawai ya ishe su a yawancin kwanaki. Ki ajiye soso, tafin hannu ya wadatar. Idan wani wankan ya wajaba a kanki, ruwa zalla ya isa, ba sai an sake sa sabulu ba.

Babban abin da mutane da yawa ke kuskurewa shi ne lokacin shafa mai. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, aikinsa irin na murfin tukunya ne, yana tsare ruwan da ya tarar a ciki, kuma rufe tukunyar da ta riga ta ƙafe ba ya amfanar kowa. Don haka idan kin gama wanka, ki ɗan daddanna tawul a jiki ba tare da gogewa ba, ki shafa mai cikin minti 3 tun fatar tana da laima, tun ma kafin ki fito inda iska ke kaɗawa. Ki sake shafawa kafin ki kwanta, kuma bayan kowace alwala ki taɓa hannuwa da ƙafafu da ɗan mai, domin jiƙewa da bushewa sau biyar a rana a cikin wannan iska yana gajiyar da fatar waɗannan gaɓoɓi.

Game da irin man, ni a ganina ba ki buƙatar kashe kuɗi mai yawa. Man kaɗanya tsantsa, wanda ba a gauraya shi da komai ba, yana cikin mafi kyawun abin da za a samu, kuma yana nan a kasuwanninmu. Ki murza shi a tafin hannu ya narke kafin ki shafa. Basilin fari marar turare ya fi kowane mai iya tsare ruwa, kuma da wuya ya tayar wa wani da ƙuraje. Man kwakwa ma yana taimakawa ga jiki, sai dai yakan toshe ƙofofin fatar fuska ga masu yawan fesowar ƙuraje. Gilisarin yana jawo ruwa zuwa saman fata, amma a sirka shi da ruwa kafin a shafa, sannan a bi shi da man kaɗanya ko basilin. Mayukan kwalba masu ruwa-ruwa da ƙamshi mai ƙarfi, waɗanda na tabbata irinsu kika saya, yawancinsu ruwa ne da turare, suna bushewa kafin a je ko'ina, turaren kuma yana iya ƙara ƙaiƙayin. Haka ma humra da sauran turarukan jiki: a wannan lokaci ki shafa su a tufafi, kada su taɓa wurin da ke ƙaiƙayi.

Ki sa rigar auduga a ciki kafin rigar sanyi mai gashi-gashi, ki tabbatar an ɗauraye garin sabulu sosai daga kayan sawa da zannuwan gado. Idan ƙaiƙayi ya taso, ki ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi na 'yan mintuna, sannan ki shafa mai, domin susa tana ƙara yaga fata, yagewar kuma tana ƙara ƙaiƙayin.

Abu guda nake roƙonki da ki nisanta: mayukan bututu da ake sayarwa a kemis da sunan maganin kowane irin ƙaiƙayi, da haɗe-haɗen man bilicin. Da yawansu suna ɗauke da sinadarai masu ƙarfi irin su clobetasol ko betamethasone, waɗanda ke kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, amma idan aka daɗe ana shafawa sai fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, makero da ƙyasbi su samu wurin yaɗuwa. Likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta su, na ɗan lokaci ƙayyadadde. Idan kin bi waɗannan matakai mako 2 zuwa 3 ba ki ga canji ba, ko fatar ta fara tsattsafo da ruwa, ki je asibiti a duba ko kirci ne.

Tambaya: Ina da yara uku. Babban ya dawo hutu daga makarantar kwana yana susa, yanzu duk ƙannensa sun kama, ni ma na fara ji. Da dare abin ya fi tsanani, akwai ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsunsu da wuyan hannu da kewayen cibiya. Kullum ina shafa musu man kaɗanya amma abin gaba yake yi. Daga wata uwa a Damagaram.

Amsa: Maman yara, wannan ba bushewar hunturu ba ce, domin bushewar fata ba ta tashi daga jikin wani ta koma jikin wani. Duk alamun da kika lissafa na ƙazuwa ne. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa rami a cikin fata yana zuba ƙwai, kuma yana yaɗuwa ta hanyar haɗa jiki da haɗa shimfiɗa, abin da ke ƙaruwa a lokacin sanyi da yara ke cunkushewa a bargo ɗaya. Ba alamar ƙazantar gida ba ce, don haka kada kunya ta hana ki neman magani. Cutar ta yaɗu a duniya har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci a shekarar 2017.

Man kaɗanya ba ya kashe wannan ƙwaro. Ki kai yaran asibiti a tabbatar, inda galibi za a ba ku man permethrin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ko ruwan benzyl benzoate. Permethrin ana shafa shi daga wuya har tafin ƙafa, da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a kwana da shi na awa 8 zuwa 14 sannan a wanke, a maimaita bayan kwana 7. Sharaɗin da ba a wasa da shi shi ne kowa a gidan ya shafa a dare ɗaya, har maigida da wanda bai fara susa ba, in ba haka ba cutar za ta riƙa zagayawa a tsakaninku. A wanke tufafi da zannuwa da ruwan zafi a shanya a rana, abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi a leda na mako guda. Ƙaiƙayin yakan ci gaba har mako 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu, a nan ne man kaɗanyar zai yi amfani. Idan akwai jariri ko mai juna biyu a gidan, ki faɗa wa likita kafin a shafa komai. Ƙurajen da suka yi mugunya kuwa suna buƙatar nasu maganin, saboda ƙwayar cutar da ke shiga cikinsu tana iya taɓa ƙodar yaro, alamar hakan ita ce kumburin fuska da fitsari mai duhu.

Tambaya: Shekaruna 62, ina da ciwon sukari. Duk hunturu dugadugaina suna yin kaushi da faso har da jini. Nakan yanke kaushin da reza, wani abokina kuma ya ce in riƙa zuba baƙin man inji a cikin fason. Daga wani dattijo a Gusau.

Amsa: Baba, don Allah ka ajiye rezar daga yau, kuma kada baƙin mai ya kusanci ƙafarka, domin datti ne da guba za ka zuba a buɗaɗɗen ciwo. Ga wanda ba shi da ciwon sukari, maganin faso mai sauƙi ne: ya jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi na minti 10, ya goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, ya cika wurin da basilin ko man kaɗanya, ya sa safa ya kwana. Kai naka ya bambanta. Ciwon sukari yana rage jin ƙafa kuma yana rage gudun jini zuwa gare ta, ta yadda mutum zai yanke kansa bai sani ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa ya zama gyambo. Ƙafafu da yawa da aka yanke a asibitocinmu daga ƙaramin rauni irin wannan suka faro.

Tun da fason ya kai ga jini, a cikin makon nan ka je a duba shi, a kuma auna sukarinka. Bayan haka, ka riƙa wanke ƙafa da ruwan da ka gwada ɗuminsa da gwiwar hannu, ba tare da doguwar jiƙawa ba, ka tsane tsakanin yatsu sosai bayan wanka da alwala. Ka shafa mai safe da dare a dugadugai da tafin ƙafa, amma ban da tsakanin yatsu. Man da ke ɗauke da sinadarin urea kashi 10 cikin 100 yana tausasa kaushi ba tare da yanka ba, ana samunsa a manyan kantunan magani. Ka sa safa da takalmi rufaffe a madadin silifa, kada ka miƙa ƙafa kusa da garwashi don jin ɗumi, kuma kowane dare ka duba tafin ƙafarka da madubi ko ka sa wani daga cikin iyali ya duba maka.

Tambaya: Cikina wata bakwai. Tafin hannuna da tafin ƙafata suna ƙaiƙayi sosai da dare, amma babu ƙurji ko ɗaya. Surukata ta ce sanyi ne, in shafa mai. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, ƙaiƙayin fatar ciki yayin da take miƙewa abu ne da masu juna biyu suka saba da shi, kuma mai yana rage shi. Amma ƙaiƙayin tafin hannu da tafin ƙafa da ke tsananta da dare a watannin ƙarshe, ba tare da ƙurji ba, yana iya zama alamar cewa ruwan matsarmama ba ya fita daga hanta yadda ya kamata, yana taruwa a jini. Wannan yanayi yakan wuce bayan haihuwa, sai dai kafin nan yana iya cutar da abin da ke cikinki, kuma gwajin jini ne kawai ke tabbatar da shi. Kada ki jira ranar awonki ta zagayo. Gobe ki je asibiti, ki faɗa musu daidai inda ke ƙaiƙayin da lokacin da yake tashi, ki nemi a yi miki gwajin hanta. Idan kin ga idonki ya yi rawaya, ko fitsarinki ya yi duhu, ko motsin jaririn ya ragu, a daren nan za ki tafi, kuma ki roƙi surukar taki ta raka ki domin ta ji bayanin daga bakin ma'aikatan da kanta.