Keken Mma yana ja gefe guda, ina zan samu kayan gyara a Kumasi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Keken guragu ne da ƙanina ya aiko wa Mma tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki, toh yanzu in ina tura ta sai ya dinga ja hagu, ƙaramar tayar gaba tana rawa tana ƙara, birki ɗaya ba ya kamawa, wurin zaman ma ya lotsa. Wallahi kuɗin sabo babu. Za mu iya gyarawa a gida? Kayan kuma ina ake samu? Daga 'yar'uwarku a Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mma lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Kwantar da hankalinki, yawancin abin da kika lissafa aikin sifana ne da ɗan mai.

Ki fara da tayoyin gaba, can matsalar ta fi ɓuya. Kifar da keken ki juya su da hannu, za ki ga gashi da zare da igiyar leda sun nannaɗe a jikin ƙarfen da tayar ke juyawa a kai, ga jar ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta daskare, wannan kaɗai ya isa ya sa keke ja gefe guda. Kwance notin, cire dattin, goge da kananzir, ɗiga man keken ɗinki. Don Allah banda manja da man gyaɗa, danƙo suke yi su ƙara kama ƙura. Rawar kuma yawanci notin saman ƙafar tayar ne ya saki, a ɗaure shi amma ba tamau ba, ta dinga juyawa. In har yanzu tana gurnani toh boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye a ciki da ke sa taya juyawa, ya mutu. Lambarsa tana rubuce a gefensa, da yawa 608 ne amma ba duka ba, don haka ki sa tsohon a leda ki tafi da shi Magazin a Suame, unguwar makanikai da masu kayan gyaran mota, wajen masu sayar da boris, kar ki tsaya kwatance da baki ko da hoto a waya.

Birki kuwa ba kamar na mota ba ne, ƙarfe ne kawai da ke danne taya, in iska ta ragu ba abin da zai kama, kuma taya ɗaya da ƙarancin iska ma tana jan keke. A fara buga iska daidai duka biyun. In tayar roba ce zalla mara iska, sassauta notin birkin a matso da shi kaɗan.

Wajen canza babbar taya mutane ke asarar sidi. Za a ce miki inci 24 ce ki saya ta keken yara, ki zo gida ta ƙi zama. Duba jikin tayar, yawancin na keken guragu 24 x 1 3/8 ne, wato 37-540, na keken hawa kuwa sau da yawa 507 za ki gani a maimakon 540, ba sa shiga rim ɗin juna. Faci da ɗaure sifok, wato wayoyin cikin taya, kam mai gyaran keke na unguwa ya iya.

Lotsewar wurin zaman ita ta fi damuna, don mai shanyewar jiki ba lallai ta ji ciwo ba har gyambo ya buɗe a mazauni. Masu ɗinkin kujerun mota za su yanka miki sabon tamfol a kan ma'aunin tsohon, sannan a sa kushin mai kauri, ki dinga duba fatarta kullum, in kin ga jan da ba ya ɓacewa ki kai ta sashen gashin ƙashi a asibitin Komfo Anokye.

Ki duba ƙarafan nan biyu da suka gicciye a ƙarƙashi ma, in akwai tsaga kar Mma ta sake hawa sai an gyara. Na baƙin ƙarfe mai walda zai iya, na alminiyom sai wanda ya ƙware a kansa. In ya wuce gyara, ki je ofishin walwalar jama'a na Asambili a Asokore Mampong, akwai kason da ake ware wa masu buƙata ta musamman daga kuɗin Common Fund da gwamnati ke raba wa Asambili-Asambili, ki tafi da Ghana Card ɗin Mma ki tambayi yadda ake rubuta takardar nema.