Amsa ga mai aiki a gidan abinci: yadda za ka bayyana Chianti Classico

Ɗan'uwa, ka ce ka fara aiki a gidan abinci a Italiya, kai ba ka sha, amma baƙi na tambayarka ɗanɗanon Chianti Classico da abincin da ya dace da shi. Ni ma haka na fara, har na riƙa kame-kame a gaban mutane.

Jan ruwan inabi ne daga yankin Toskana, tsakanin biranen Firenze da Siena, kuma aƙalla kashi 80 cikin 100 inabin Sangiovese ne. Duba wuyan kwalbar ko bayanta, za ka ga tambarin baƙin zakara. Masu sha suna cewa yana da tsami mai kama da ceri, da bauri da ke kama dasashi irin na goro. Wannan tsamin ne ya sa yake tafiya da taliya mai miyar tumatir, bauri kuma yana son maiƙo: gasasshen naman sa irin na Firenze, ko cukun pecorino. Wanda aka rubuta Riserva ya kwana aƙalla wata 24, sai ka ba mai cin nama mai nauyi.

Kuskurena na farko shi ne miƙa shi da ɗumi, alhali digiri 16 zuwa 18 yake so. Kada ka haɗa shi da kifi marar maiƙo ko abinci mai yaji sosai, baurin zai yi yawa.

In baƙo ya shiga tambayar shekarar girbi, kira masanin giyar gidan. In ya ce yana shan magani, likitansa ne zai amsa ko zai iya sha.