Bayan Camaro ta 1967 ya zauna: wane sifirin zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, kuma bara na sayi Chevrolet Camaro ƙirar 1967 mai inji 327. Bayanta ya zauna, ɓangaren direba ya fi sauka, kuma in na taka ta da ƙarfi daga tsaye sai tayoyin baya su kama tsalle, mota tana kaɗawa kamar za ta wargaje. Sifirin ɗinta falle ɗaya ne a kowane gefe. Masu sayarwa na da mai falle ɗaya, mai huɗu, mai biyar, har da wanda ba na ƙarfe ba. Wani abokina ya ce a ƙara mata falle biyu kawai, yadda ake yi wa Hilux a gida. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a motar.

Bari mu fara sallamar abokinka. Hilux ana ƙara mata falle ne don ta ɗauki buhunan masara, taka kuwa ba kaya take ɗauka ba. Kuma fallen Camaro ba irin wanda ake jerawa ba ne: kauri gare shi a tsakiya, yana sirancewa zuwa bakin nan biyu, ba a ƙera shi don a ɗaura masa wani ba. Kai shi wajen mai guduma a sake lanƙwasa shi ma ɓata kuɗi ne. Ƙarfen da ya haura shekara 50 yana aiki ya gaji, zai sake kwanciya.

Tsallen da kake ji kuwa da shi motar ta fito daga masana'anta. Chevrolet ta ɗauko dabarar falle ɗaya ne daga ƙaramar motarta Chevy II ta 1962, ta sa wa duk Camaro ta 1967, har masu manyan injuna. A waɗannan motoci sifirin ba nauyi kaɗai yake ɗauka ba, shi ne kuma ke riƙe da aksul. In ka saki kuloci da ƙarfi, tayoyi na juyawa gaba, aksul kuma na neman juyawa baya, sai ya murɗe rabin sifirin na gaba ya yi siffar S. Da taya ta ɗan zame sai sifirin ya warware da ƙarfi, taya ta sake kama ƙasa, ya sake murɗewa, haka sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Kamfanin ya san da matsalar. A 1967 ɗin ya liƙa wa wasu masu ƙarfin inji sandar ƙarfe mai riƙe aksul a gefen fasinja, a 1968 kuma ya raba shokazoba, ɗaya gaban aksul ɗaya bayansa, ya koma sifirin mai falle da yawa a Camaro masu ƙarfi irin su SS da Z/28. Chrysler ta fi su dabara a nan, a ganina: ta gajarta rabin gaba na sifirin ɗin motocinta ta ƙarfafa shi, shi ya sa ba su cika wannan rawa ba.

To kafin ka biya ko sisi, shiga ƙarƙashin motar da tocila. Duba mazaunin da aka yi wa walda a jikin aksul, inda sifirin ke shiga. Na falle ɗaya ba shi da zurfi, na falle da yawa yana da zurfi don ya haɗiye kaurin jerin. Kada ka dogara da shekarar mota, domin a hannun masu ita na baya ana iya canja aksul gaba ɗaya. Ƙirga notin murfin da ke tsakiyarsa ka gani ko 10 ne ko 12, ka faɗa wa mai sayarwa. In mazauninka marar zurfi ne ka sayo falle biyar, farantin ƙasa ba zai haɗu da shi ba, notin tsakiyar sifirin ma ba zai sami ramin zama ba. Sai dai ka haɗa da kayan juyi da ake sayarwa musamman don haka, ko a yanke mazaunin a yi waldar sabo. Waldar nan ba ta kowane mai walda ba ce, domin in kusurwar ta kauce, farfela za ta riƙa rawa a kan gudu.

Yawan falle ba shi ne ma'auni ba. Abu biyu za ka tambaya: tauri da tsayi. Amurkawa suna auna tauri da yawan labar da ke danne sifirin inci ɗaya. A ce an rubuta 125: guda biyu sun zama laba 250 ke nan, wato in ka jefa buhun shinkafa biyu masu kilo 50 a but, bayan zai sauka kusan inci guda. Mai falle huɗu masu kauri na iya fin mai biyar sirara tauri nesa ba kusa ba. Wanda ya zarce na asali da ɗan kaɗan zai rage murɗewar ba tare da ya hana ka jin daɗin zama ba. Na tsere kuwa, duk gaɓar kwalta sai ka ji ta a ƙugunka.

Tsayi kuma lanƙwasar sifirin ce ke yanke shi. Cika tanki, ajiye motar a daɓe mai daidai, auna daga ƙasa zuwa leɓen da ke saman taya a gefe biyu, ka rubuta. Sannan ka zaɓi ko tsayin asali kake so ko a sauke ta inci ɗaya. Eaton Detroit Spring, da ke wannan sana'a a Detroit tun 1937, suna ƙera shi bisa zanen masana'anta na asali, kuma ana iya ce musu a ɗaga ko a sauke. Ina gargaɗinka tun yanzu: ranar da aka ɗaura sabo za ka ce bayan ya yi sama da yawa. Idonka ne ya saba da zaunanne. Ba shi 'yan makonni ya ɗan kwanta kafin ka yanke hukunci, kuma ka ƙyale dogon shakul (ƙarfen da ke rataye bakin sifirin na baya a jikin mota) da shokazoba mai iska, ɓoye ciwo kawai suke yi.

Da motata ce, ga abin da zan yi. In so nake ta zauna yadda ta fito a 1967 don nuni da yawon yamma, sabon falle ɗaya na ƙarfe zan saya, in rage zafin ƙafa. In kuma ina son in riƙa taka ta, kamar yadda tambayarka ta nuna, mai falle da yawa matsakaicin tauri zan ɗauka tare da kayan juyinsa. In tsallen bai mutu ba, in ƙara sandunan riƙe aksul irin CalTracs. Wanda ba na ƙarfe ba kuwa, wato na zaren gilashi, ba ya tsatsa kuma ba nauyi, Corvette ta fara amfani da irinsa tun 1981, amma ba ya shiri da zafin salansa ko sarar dutse, ga tsada.

Sayi biyu ko da ɗaya ne ya fi sauka, da sabbin bushin, da robar da ke sama da ƙasan sifirin, da sabbin noti masu siffar U. Tsoffin sun riga sun miƙe. Bushin roba ya fi laushi da shiru, na foliyuritan, wata roba mai tauri, ya fi riƙo amma yakan yi ƙara in ba a shafa masa giris ba. Noti uku da ke riƙe da akwatin idon gaba, wato inda zoben bakin sifirin na gaba ke kama mota, su ne za su ba ka wahala, domin 'yan maƙalan da suke shiga a cikin bodi kan karye su yi ta juyawa, don haka ka fara jiƙa su da man warware tsatsa kwana biyu kafin aiki, ka duba wurin ko tsatsa ta ci shi. Kuma kada ka ƙarasa ɗaure notin ido da na shakul mota na rataye a kan jak. Sauke ta a kan tayoyinta, ka danna bayan sau uku ko huɗu, sannan ka ɗaure, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Bayan tafiyar kilomita kamar 200, koma ka sake gwada notin U ɗin da sifana.