Hukuncin sayar da caja mai tambarin ƙarya

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina da tebur a Agege, ina sayar da caja da batir da iyafis. Ina sarowa a Computer Village da ke Ikeja, wani lokaci Alaba. Yawancinsu an buga musu sunan Samsung, amma kwafi ne. Ni a ganina mai saye ma ya gane, tunda kuɗin bai kai rabin na asali ba. Cinikina ya halatta? Sannan maƙwabcina yana sayar da maganin jabu. In na kai ƙararsa na zama annamimi?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, Allah ya yi wa nemanka albarka.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya wuce wani tsibin hatsi a kasuwa, ya cusa hannu a ciki, sai yatsunsa suka ji danshi. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Lura fa, mutumin nan bai furta ƙarya ba, shiru kawai ya yi. Naka ya fi nasa nauyi, domin ƙaryar a rubuce take a jikin kwalin.

"Ai ya gane" kuwa zato ne, ba bayani ba. Ɗan acaɓan da ya tsaya a gaban teburinka injinsa na kunne, ya miƙa kuɗi ya karɓi caja, shi dai sunan ya gani, yana murna ya samu araha. Mu da muka karanta Risala a zaure mun san Ibn Abi Zaid ya jero abin da bai halatta a ciniki ba: tadlisi (wato rufe gaskiyar kaya), algus, yaudara, ɓoye aibi. Duk wanda ka sayar wa a haka, yana da ikon dawo maka da kayanka ya karɓi kuɗinsa.

To in ka faɗa masa ƙarara cewa kwafi ne fa? Haƙƙinsa ya sauka daga wuyanka, amma saura na mai sunan. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari dukiya ce da shari'a ta kare. A ganina kuma, kasancewar mai ita ba Musulmi ba ne bai halatta cin ta ba. Saboda haka ban ga halaccin ci gaba da saro irin waɗannan ba. Kaya mai araha ba haram ba ne. Ka nemi wanda ke ɗauke da sunan kansa, ka faɗi gaskiyar ingancinsa.

Maganar magani kuwa babu sassauci a cikinta, domin rai ake magana. Legas ba ta manta 2008 ba, lokacin da maganin haƙorin jarirai My Pikin, wanda aka haɗa da gurɓataccen sinadari, ya kashe yara fiye da 80. Irin wannan ɓarna ce ta sa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta rufe kasuwar magani ta Idumota a Fabrairun 2025. Ka yi wa maƙwabcinka nasiha a keɓe. In ya ƙi, ka sanar da shugabannin kasuwarku ko NAFDAC. Annamimi shi ne mai kai magana don ya haɗa mutane faɗa, kai kuwa cuta za ka tare. Sharaɗi dai ka tabbatar da abin da ka gani, kada kishin kasuwa ya ja ka.

Kayan da ke hannunka yanzu, in dillalin zai karɓa ka mayar masa. In ya ƙi, mai kumbura ko zafi da zai iya tayar da gobara ka lalata shi. Sauran ka kankare sunan ƙaryar, ka sayar da bayani.

Wallahu a'alam.