Gubar nukiliya tana gushewa kuwa?

Ka tambaya ko gubar hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan na 2011 tana nan har yanzu a teku da ƙasa. To malam, ya danganta da sinadarin, don sinadarai masu gubar nukiliya iri-iri ne suka fita. Aidin-131 kwana 8 ne rabinsa ya tafi, amma siziyom-137 sai wajen shekara 30, shi ne ɗan rigimar. A teku ruwa ya yi yawa sai ya bazu ya tsinke, amma a ƙasa fa maƙalewa yake cikin yumɓu da naman kaza, shi ya sa har yau ana samunsa a naman aladun daji a kudancin Jamus, sai dai na can ba na Fukushima ba ne, a ciki har da na hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl tun 1986. Ruwan tashar Fukushima da Japan ta fara saki cikin teku a 2023 kuwa an tace shi, wani sinadarin mai gubar nukiliya, tiritiyom, ne ya ƙi fita sai aka sirka shi sosai.