Sai Lauyan Abuja Ne Zai Shigar Min da Ɗaukaka Ƙara?

Tambaya: Babbar Kotun Jiha ta yanke hukunci a shari'ar filinmu, ba mu yi nasara ba. Lauyana a Gusau yake, amma ana ce min sai na nemo na Abuja kafin a karɓi takarduna. Haka ne? (Wani mai karatu daga Gusau)

Amsa: Malam, ba haka ba ne. Duk lauyan da sunansa ke cikin kundin lauyoyi na Kotun Ƙoli yana da ikon shigar da takarda a kowace kotu a Najeriya, ko a ina ofishinsa yake. Takardar sanarwar ɗaukaka ƙara ma a ofishin magatakardan kotun da ta yi hukuncin ake shigar da ita, wato nan Gusau. Daga nan magatakarda zai harhaɗa kundin shari'ar cikin kwana 60 ya tura Kotun Ɗaukaka Ƙara reshen Sakkwato, wanda Zamfara ke ƙarƙashinsa. In ya yi sakaci, kai mai ɗaukaka ƙara kana da ƙarin kwana 30 ka harhaɗa da kanka.

Lokaci ne ya kamata ya dame ka. Wata uku doka ta ba ka daga ranar hukuncin ƙarshe, kwana 14 kacal in hukuncin tsakiyar shari'a ne. Ka wuce haka, sai ka roƙi kotu ƙarin lokaci da rantsuwar da ke bayyana dalilin jinkiri.

Sai sa hannu, inda ƙararraki masu kyau suke mutuwa, abin da ke ci mana rai ƙwarai. Buɗe shafin ƙarshe na takardar ɗaukaka ƙarar ka duba da idonka: sunan lauyan da kansa ne a ƙarƙashin sa hannun, ko sunan ofishinsu kaɗai? A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishi ba ta da inganci, domin ofis ba lauya ba ne. In sunayen lauyoyi da yawa ne a jere, a yi alama a gefen wanda ya sa hannu.

Duba kuma ko an manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi na bana. Rashinsa da sauƙi, ana iya gyarawa daga baya kamar yadda aka yanke a shari'ar Yaki da Bagudu ta 2015. Rasit ɗin kuɗin shigarwa kuwa, karɓi kwafinsa ka adana, domin shi ne shaidar ranar da takardarka ta shiga.